Kaset ɗin Malam Issaka

Malam Issaka ya ci amana. Na faɗa, kuma ko gaban liman aka kai ni abin da zan maimaita ke nan. Binciken aure aka sa shi, ya je ya yi son zuciya, ya cinye wa yarinya wata bakwai na rayuwarta.

Salima 'yar Funtuwa ce, karatun nas ya kawo ta Greensboro ta Amurka a 1995. Ɗaki guda take haya a unguwar Glenwood, ba uwa ba dangi, daga aji sai ɗaki. Wata safiya tana jiran bas ta ga wani saurayi ya kifa keke a bakin titi yana faci, ya shafa sholisho zai manna nan take. Babanta, Alhaji Dabo, shekara talatin ya yi yana gyaran keke a bakin kasuwa. Ba ta san sanda bakinta ya suɓuce da Hausa ba.

"Haba, ka bari ya sha iska mana!"

Ya ɗago a firgice, sai ya yi dariya. "Ikon Allah. Shekara biyu ina faci a garin nan, yau na samu malama."

Sunansa Haris, ɗan Zariya, ɗalibin injiniya. Ba shi da mota, ba ya kuma so. Duk hutu shi da abokansa uku sai su ɗaure tanti a bayan keke su nausa duwatsun Blue Ridge, sati biyu, sati uku. Duk garin da suka yada zango sai ya jefo mata kati ta gidan waya.

"Malamar faci, yau mil saba'in, rabi hawa. Na yi la'asar a bakin kwazazzabon Linville, gajimare yana ƙasa da ni. Abokaina suna ta ɗaukar hoto, ni ina ta neman wanda zan ce wa 'kin gani?'"

Da magana ta yi ƙarfi, Alhaji Dabo ya aiko wa Malam Issaka, direban tasi a nan Greensboro, tsohon maƙwabcinsa, cewa ya bincika masa yaron. Alhaji ba ya karatun boko, da kaset ake masa wasiƙa. Shi kuwa Issaka yana da ƙane, Bello, mai sayar da motoci a High Point Road, wanda ya daɗe yana yi wa Salima tayin rage hanya tana cewa ta gode.

Kun san abin da Issaka ya ɗauka a kaset? Wai yaron ba shi da abin hawa. Wai a daji yake kwana da Turawa. Wai yana yawo da gajeren wando matsattse kamar an zana masa. Duk ya jero, amma kalmar keke ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba, don ya san gidan da kaset ɗin za shi.

Amsa ta zo wa Salima. Muryar babanta, da carar zakara a bayanta: "Ba na ba mai kwanan daji 'yata. A bar maganar."

To 'ya mai kunya ta buɗe baki ta kare saurayi a gaban ubanta? Sau uku tana danna rikoda, sau uku tana gaisuwa ta tambayi jikin Inna ta kashe.

Haris ya zo ya tsaya a ƙofar gida, bai shiga ba. "Zan sayar da keken in sayi mota, in dai shi ne."

"Ka sayar, in auri wa? Bello na biyu?"

"To me zan yi, Salima?"

"Ban sani ba."

Ya daina zuwa, don ya ce ba zai yi zance a bayan idon uba ba. Sanyi ya shigo ya fita. Ita kaɗai take cin tuwon semo a tsaye a kicin, ita kaɗai ta yi azumi, ranar salla ta yi kwalliya ta zauna a bakin gado. In ta ji ƙarar sarƙar keke a titi sai ta leƙa taga, ta ga ɗan Bature da jakar littattafai.

Da hutun bazara ya zo sai ga ambulan daga Asheville, can cikin duwatsu. Layi biyu ne: "Na yi alkawarin yin shiru, na kasa. Taya ta fashe, na tuna ki." A ciki da hoton da abokinsa ya ɗauka: Haris a tsugune a bakin rafi, keke a kife, ya tsoma tub ɗin taya a ruwa yana neman inda ke kumfa, duwatsu jere a bayansa.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ta sa shi a wata ambulan, ba kaset, ba rubutu, ta rubuta adireshin Funtuwa.

Sati shida. Sannan kaset ya zo.

"Salima. Wannan ne ɗan dajin? Da keke yake hawa waɗannan duwatsun? Da ƙafarsa?" Sai tari. "Ki ce masa sarƙarsa ta yi sako-sako, daga nan ina gani. Wandon kuma ya nemi na mutunci. Ya turo magabatansa."

An ɗaura aure a Funtuwa, mu muka yi walima a nan. Na dafa shinkafa tukunya uku, na yi wa amarya lalle da hannuna. Haris ya sunkuya ya ce, "Malama, ɗalibi ya ci jarrabawa?" Ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya, hawaye na zuba. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ba su zuri'a ɗayyiba, Ya tsare shi a kan hanya.

Issaka ma ya zo, har da ƙarin nama. Kowa na cewa a bar kaza cikin gashinta tunda an yi aure. Ba za a bari ba. Gobe wata 'yar za a ba shi bincikenta. Ranar Juma'a bayan salla ya tashi a gaban jama'a, a karɓo kaset ɗin nan daga Funtuwa a kunna kowa ya ji, ya faɗa mana da bakinsa dalilin da ya haɗiye keken.