Yatsun Iya a Cikin Randa

A wajen baje kolin masu sana'ar hannu na Lafia Muhyiddin mai ɗaukar hoto ya fara ganin ta, tana zaune bayan tukwanenta kamar mai ɓuya. Ya ɗaga kyamara, Nana Hadiza ta yi wuf ta rufe fuska da mayafi.

"Yi haƙuri," in ji shi. "Hannunki na nufa, ba fuskar ba."

"Hannun ma a gidanmu ba a ɗauka."

Sai da suka shaƙu ta gaya masa dalili. Mahaifiyarta, Iya Jumai, maginiyar tukwane ce. Sau ɗaya aka taɓa yi mata hoto, ba a ko karɓo shi daga situdiyo ba ta rasu. Mahaifin Nana, Malam Modu, bai je karɓa ba, kuma ya haramta hoto a gidansa, yana ganin hoton ne ya jawo ajalinta. Ko na katin makarantarta sai da aka kai ruwa rana. Fuskar uwar ta daɗe da ɓace mata. Randar da Iya ta gina ce kaɗai ta rage a tsakar gida, kuma duk sanda Nana ta sunkuya ɗiban ruwa takan ji kamar an tsaya a bayanta.

Muhyiddin ya turo mata saƙo: "Yumɓuna, kin ce laka ba ta manta hannun da ya taɓa ta. Abin da nake nema a hoto ke nan, wurin da mutum ya taɓa duniya kafin ya wuce."

Ta amsa: "Mai Ido, falsafarka ba za ta wuce zauren Baba ba."

Ba ta kuwa wuce ba, ranar da ya je neman aurenta.

"Ba zan ba mai farautar fuskoki 'yata ba," in ji Malam Modu. "Na binne uwarta, ya isa. Ga Abdurra'uf na sakatariya yana ta sintiri a kanta."

Muhyiddin ya ce zai sayar da kyamarar.

"In ka sayar, wa zan aura?" in ji Nana. "Ara mini ita dai."

Da hantsi ta juye ruwan randar, ta zura kyamara ciki, ta danna. Haske ya walƙa. A gilashin kyamarar sai ga sawun yatsu jere-jere a jikin yumɓun, inda ido bai taɓa kai wa ba. Kowane jeri da ɗaya gajere.

"Me kike yi?"

Wannan karon da gaske an tsaya a bayanta. Ta miƙa wa Baba kyamarar. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙaramin yatsanta ne," ya ce a hankali. "Taɓarya ta same shi tana amarya. Ni na ɗaure mata." Ya shafa gilashin da babban yatsa. "Ashe tana nan. Wa ya koya miki irin wannan gani?"

"Muhyiddin, Baba."

"Ce masa ya wanko mini shi babba. Ya kuma turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Malam Modu ya shigo gida ya tsaya kusa da amarya. Ya gyara hula, ya sa aka kira Muhyiddin da kyamararsa.

"Ango, ɗauka. Rai na Allah ne. Allah Ya yi muku albarka."

Nana ta ɗaga mayafinta, ta dubi mijinta.