Rijiyar da Na Zana Masa a Ƙasa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Aji huɗu na yi a firamare, kuma ko a cikin gida ni ba mai magana ba ce. Amma abin ya yi mini nauyi a ƙirji.

"Halimat! Da hannunki kinka nuna mai?"

Muryar Baba Labbo ce, mahaifina. Muna tsakar gidan yayata Adda a Isa, rana tsaka. A hannunsa akwai wayar Wakili, ɗan ƙanensa. A fuskar wayar ga hoton taswira, da wani jan ɗigo ƙarami a gefe.

"Ɗago ki dube ni!"

Na kasa.

Wata huɗu kafin nan Marwan ya fara zuwa zauren da nake sayar da fura. Ɗan Sabon Birni ne, mahaifinsa yana fatauci zuwa Nijar. Yana shekarar ƙarshe a jami'a a Sakkwato, yana karanta ilimin ƙasa da zaman jama'a. Aikin da zai gama da shi taswira ce ta tsofaffin rijiyoyi da burtalin ƙauyenmu Turba, don ya nuna yadda manoma da makiyaya suka daɗe suna shan ruwa ɗaya. Wakili ne ke yawo da shi a kabu-kabu. Wakilin da ya aiko sau biyu yana sona, ni kuwa na yi shiru.

Ranar farko Marwan ya baje takardarsa kusa da ƙwaryata. Na saci kallo, sai bakina ya suɓuce.

"Rijiyar Maƙera ba gabas da burtali take ba..."

Ya ɗago da sauri.

"Ashe kina magana! Ni na zata furar ce ke sayar da kanta."

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Don Allah, malama, ƙara mini. Dattawa sun ƙi ce mini komai."

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya zo. A Turba na tashi, ina bin Baba kiwo, don haka babu rijiyar da ban sani ba. Na faɗa masa mata ke ɗiba da sassafe, shanu su sha da hantsi. Manoma ke kawo sabon guga, makiyaya ke shiga su yashe. Idan wani ya tsallake lokacinsa, ba a kai shi ƙara, sai dai a ƙi amsa sallamarsa kwana uku.

Yana ta rubutawa da sauri.

"Wallahi wannan babu shi a littattafanmu. Ke ce jami'ata, Halimat."

"Yaya Marwan, ka daina..."

"Ba ni dainawa, hasken idona. In na gama, za ni turo iyayena."

A gidanmu akwai abu biyu da ba a faɗa wa bare: yawan shanu da inda suke kwana. Tun ina goye nake jin haka. Bayan ɓarayin daji sun kwashe mana rabin garke, Baba ya kawo mu Isa, ya ɓoye ragowar a wani kwari mai tsohuwar rijiya da mutane suka manta. Ita kaɗai ke kai rani ba ta ƙafe ba.

Wata rana Marwan ya ɗora yatsa a wani fili na takardarsa.

"Nan babu ruwa ko kaɗan, ko?"

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina son yadda idonsa ke haske idan na san abin da bai sani ba. Na sa yatsa a ƙasa na zana masa hanyar, na yi ɗan rami a ƙarshe.

"Kar ka faɗa wa kowa."

"Wa za ni faɗa wa? Ba suna ma za ni sa ba."

Ya ɗiga jan biro a wurin a kan takardarsa, yana murmushi.

"Wannan ɗigon namu ne mu biyu."

Na share ƙasar da tafin hannu. Ban yi tunanin takarda ba ta sharuwa haka ba. Ranar da Marwan ya shiga masallaci ya bar jakarsa a kan babur, Wakili ya buɗe ya ɗauki hoto.

Shi ne hoton da ke hannun Baba.

"Baba, na gaya muku," in ji Wakili. "Yaron ga infoman ɓarayin daji ne! Wane karatu ne na bin rijiyoyin mutane?"

"Rufe mini baki!" Baba ya daka masa tsawa. "Ka san abin da kalmar ga ke jawo wa mutum a garin nan? Wa kuma ka tura wa hoton?"

Wakili ya sosa kai.

"Abokaina biyu kawai..."

Baba ya zauna a kan turmi. Adda ta fashe da kuka. Ni ko kukan ban iya ba.

A ranar aka tayar da shanu, cikin tsakiyar rani, zuwa wajen danginmu a Nijar. Jar saniyar da Inna ta bar mini kafin ta rasu ba ta kai ba. A hanya ta faɗi.

Kwana uku bayan haka Marwan ya zo, ya rame. Ya durƙusa gaban Baba, ya fito da taswirar da littattafansa biyu, ya tura su cikin murhun Adda. Ya buɗe wayarsa ya goge komai a gaban kowa.

"Baba, aikin wata takwas ne. Za ni maimaita shekara, ban damu ba. Ku dai yafe mini, kar ku raba ni da ita."

Baba ya dubi tokar.

"Na yarda ba ka da mugun nufi, yaro. Amma takarda ta ƙone, hoto yana yawo. Duk ranar da anka taɓa wata ruga a yankin ga, sunanka za a kira. In ɗiyata tana ɗakinka, da nata za a haɗa. Ka koma Sakkwato ka tsira da ranka. Mu jibi muna bin shanu."

"Baba..."

"Na gama."

Adda ta bar mu a zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon titi.

"Halimat, masoyiyata, ki ce in jira. Ko shekara nawa ce."

Mi za ni ce? Ni na zana, shi ya ƙone, kuma ba ni da ikon gyara ko ɗaya.

"Ko kalma ɗaya..."

"Ka yafe mini," shi ne kawai na iya.

Ya goge ido da hannun riga, ya fita. Ban ƙara ganinsa ba.

Kwana ɗaya ya rage mana a Isa. Na nemi littafin rubutu a wurin Adda, na wuni a bayan ɗaki ina rubutu da munanan baƙaƙena. Na rubuta sunan kowace rijiya, da wanda ya haƙa ta, da wa ke sha da safe wa ke sha da hantsi, da yadda ake shirya waɗanda suka saɓa a bakinta. Ban rubuta gabas ko yamma ba. Ban rubuta inda ko ɗaya take ba.

Washegari da safe na tafi tasha tare da Adda. Na miƙa wa direban motar Sakkwato littafin, da sunan Marwan da lambar wayarsa a bango. A shafin ƙarshe na sa jan ɗigo ɗaya, a tsakiyar farar takarda, inda ba ya nuna hanyar ko'ina.

Sannan na ɗauki ƙunshin kayana, na shiga motar da ta fuskanci arewa.