Jinin da Ya Koma Jijiya

Ana gab da magariba, gidan wani nas ya yi tsit, sai ga dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Kafin a leƙa waje, autarsa ta zube a tsakar gida tana kokawa da numfashi.

Shi mutum ne mai ji da hannunsa. Aikinsa a asibiti ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu, mai bugawar nan, don a auna iskar da ke cikinsa. Marasa lafiya kuwa bai ɗauke su a bakin komai ba. Da matarsa ta ambaci mutanen ɓoye, tsaki ya ja, ya ce jahilci ke damunta. Ya ɗauko sirinji, ya lalubo bugun a wuyan hannun yarinyar da yatsu biyu, ya soka allura. Jini ja wur ya hauro da kansa kamar kullum. Sai jinin ya tsaya. A hankali ya koma cikin jijiyar, ya bar sirinjin fes.

Bai hana a kira malam mai ruƙiyya ba.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe ido. Muryar da ta fito ta namiji ce, a shaƙe. Ko kallon malam ba ta yi ba, uban ta kafa wa ido.

"Kai ne gwanin? Tsohon da ka yi ta caccaka jiya, yana hawaye kana ce masa rago, shekara da shekaru muna tare. Da ya cika, jininsa na biyo a bakin rigarka."

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi, ya umarci aljanin ya fita ya bar ta. Aljanin ya yi dariyar raini, ya ce dama gidan bai ishe shi kallo ba. Zai tafi, amma sai uban ya miƙo masa yatsun nan biyu ya taɓa su.

Nas ya miƙa. Hannun 'yarsa sanyi ƙalau. Ta yi atishawa, ta kira mamanta, numfashi ya daidaita.

Washegari a wurin aiki ya ɗora yatsu a wuyan hannun wata tsohuwa yana neman bugun. Shiru. Ya sauya hannu, shiru. Ya taɓa nasa, ko motsi bai ji ba. Ya koma hannun tsohuwar yana ta lalube, allura a ɗaya hannun.

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta janye hannunta.

"Ɗana, in ba ka iya ba, kira wanda ya iya."