Sawu Mai Faɗi a Filin Raƙuma

Da hantsin ranar Lahadi aka kira Sufeto Khalfan a waya, aka ce Samha ta faɗi matacciya a filin horo. Bai tambayi wace ce Samha ba. Daga garinsu har ƙauyukan bakin rairayin Sharƙiyya, kowa ya san taguwar kawunsa Ubaid da ta ci tsere sau uku.

Ya tarar da ita kwance jikin shinge, kumfa ta bushe a bakinta. Kawu Ubaid na tsugune ya dafa wuyanta. Ɗansa Hilal, mai horar da ita, yana jingine da a-kori-kurar da ake bin raƙuma da ita.

"Taubashi, kada ka ɓata kakinka da ƙura," in ji Hilal. "Ga abin da na tsinta kusa da ita."

Sirinji ne a cikin leda, yana warin maganin ƙwari.

"Jiya likitar nan ta yi mata allura. Tun farko mun ce da Baba mace ba ta san raƙumi ba."

Khalfan ya dubi hawayen da ke bin gemun kawunsa, bai ƙara tambayar komai ba. Ya tafi asibitin dabbobi, a gaban makiyayan da ke layi da awakinsu ya ce Likita Muza ta shiga mota.

A ofis ya miƙa mata ruwa, ta ƙi karɓa.

"Me kika yi wa taguwar?"

"Magani. Zazzaɓi ta yi, ta fara warwarewa. Na rubuta musu kada ta wuce kilomita shida, kada gudunta ya haura kilomita ashirin da biyar a awa."

"Sirinjin fa?"

"Ba irin nawa ba ne. Ka aika jininta a gwada."

"Sai ya ɗauki mako guda. Kafin nan dole in rubuta tuhuma."

Dukansu sun san abin da hakan ke nufi. Da zarar sunanta ya hau takarda za a rufe asibitin, kuma ko an wanke ta babu wanda zai sake kawo mata ko kaza.

"Shekara shida na yi ina karatun nan, Sufeto," ta ce. "Uku kuma ina sauraron mutanenku suna cewa hannuna ba albarka. Ban gaji ba. Tunda ka kasa duban idon ɗan kawunka, je ka dubi ƙasa."

Maganar ta soke shi. Ya ajiye biro, ya koma fili.

A wurinsu ba a auna gudun raƙumi da agogo. Mai horo yana tuƙa mota a gefe, raƙumi na bin ta, allurar gudu da malejin motar su ne alƙalai. Hilal ya zaro waya ya nuna masa hoton malejin da ya ɗauka da asuba.

"Shida cif. Kullum nakan aika wa Baba, tunda aka yi masa aikin ido a Maskat bai iya fitowa."

Hoton gaskiya ne. Amma da Khalfan ya tuƙa tasa motar daga ƙofar fili zuwa inda Samha ta faɗi, sai malejinsa ya nuna bakwai. Ya koma ya sake. Bakwai.

Ya sauka ya tsuguna. Sawun tayar da ya bi sawun taguwar ya fi taƙinsa faɗi nesa ba kusa ba. Ya waiwayi a-kori-kurar Hilal. Tayoyinta sirara ne, tsofaffi.

Ya zagaya motar. Notocin tayoyin suna ƙyalli, sabon sawun sifana a jikinsu. Ya sa hannu cikin murfin da ke saman taya, ya ji wurin ya goge sumul, baƙin roba ya manne a yatsunsa.

"Yaushe ka kwance tayoyi?" ya tambayi Hilal.

"Faci na yi."

"Duka huɗun?"

"Kai dai tun muna yara ka cika tambaya kamar tsohuwa," Hilal ya ce da dariya. Khalfan bai taya shi ba.

Shagon taya ɗaya ne kusa da filin, na wani dattijo mai suna Murad. Ya rantse rabonsa da Hilal tun azumi. Khalfan bai musa ba, ya dai yaye tamfol ɗin da ke bayan shago. Manyan tayoyi huɗu na nan a jere kan faffaɗan rim, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, jan yashin fili bai ko kakkaɓe daga haƙoransu ba.

Murad ya zauna a kan benci, ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, mako biyu ke nan da na ɗaura masa. Na ce Hilal, motar aiki ce wannan. Babbar taya tana sa mota nauyin tashi, birki ya yi jinkiri, ta yi ta shan mai. Ya ce shi dai ranar Juma'a ya haye tudun rairayi abokai su gani."

"Malejin fa?"

"Shi ne babban abin. Allura ba ta san ƙasa ba, juyin taya take ƙirgawa. Babbar taya in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa fiye da ƙarama. Ka ga ashirin da biyar, alhali kana kusa da talatin. Ka ga shida, alhali ka yi bakwai."

"Ka faɗa masa wannan?"

Murad ya sunkuyar da kai. "Sai yau da safe, da ya zo ya tambaye ni. Yana ji ya ce in mayar da tsofaffin, in yi shiru."

Bayan la'asar zauren Kawu Ubaid ya cika da masu jaje, gahawa da dabino na zagayawa. Khalfan ya daɗe a bakin ƙofa. A wannan zauren ya koyi zuba gahawa. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ɗan sanda ɗaya na biye da shi yana gangaro babbar taya.

Kowa ya juyo.

"Hilal, ka san wannan?"

"Taubashi, wasa a gidan jaje?"

"Yau ba wasa tsakaninmu. Murad ya yi magana. Kai za ka faɗa, ko ni?"

Kawu Ubaid ya juya idonsa mai ciwo wajen ɗansa. "Na ce kada a taɓa ko ƙusa a motar nan."

Finjalin gahawa da ke hannun Hilal ya suɓuce.

"Wallahi Baba ban sani ba. Shida na gani. Da ta faɗi na rasa abin da zan ce maka. Na zuƙi maganin ƙwari a sirinji na yar kusa da ita. Na san in na ce likitar ce, kowa zai yarda."

Babu wanda ya ɗaga kai, domin kuwa tun safe kowa ya yarda da ƙaryar. Khalfan kuwa shi ne ya fara yarda.

"Na kama ka da laifin ƙirƙirar shaida da ƙarar ƙarya," ya ce. Ya sa masa ankwa da hannunsa, bai bar wa ɗan sandan ba.

Kawu Ubaid ya bi su har ofis. Muza na zaune inda aka bar ta tun safe, ruwan na nan ba ta taɓa ba. Aka wuce da Hilal ta gabanta, idonsa a ƙasa. Khalfan ya faɗa mata komai a tsaye.

"'Yata," in ji tsohon, "mun ci mutuncinki a gaban gari. Ki yafe mini."

Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Raƙuma nawa suka bi motar nan cikin makon nan biyu?"

"Huɗu, ban da Samha."

"To, su ma an zalunce su. A kai ni in duba zuciyarsu kafin rana ta faɗi."

"Yafiyar fa, Likita?" Khalfan ya tambaya a hankali.

"Wannan ba ta yau ba ce, Sufeto. Ɗauko makullin mota."