Wanda Ya Taka Totur

Gab da magariba na sake kai motar gareji. Ciwonta ɗaya ne: in ana tafiya a hankali lafiya lau take, amma da zarar an danna totur da ƙarfi sai ta cije, ta yi tari, kamar an riƙe ta ta baya.

Ba sayen motar muka yi ba. Ta gidan da Yayana yake aikin tuƙi ce. Da ita ɗan maigidan ya banke wata tsohuwa har lahira a hanyar bayan gari, ya ƙara wuta ya gudu. Aka zaunar da Yaya aka nuna masa cewa ɗan yana da karatu a gabansa, shi kuwa direba ne, direba kuma ba baƙon irin wannan ƙaddara ba ne. Ya amsa laifin. Aka kai shi kurkuku, aka aiko mana da motar a matsayin alheri. Umma har godiya ta yi. Ni shari'a na karanta, na san ainihin sunan wannan alheri. Sai dai da motar nake kai Umma ziyara, da ita nake zirga-zirgar ɗaukaka ƙara, don na yi alkawarin sai na fito da shi.

"Lauya, kin dawo?" in ji bakaniken yana goge hannu da tsumma. "Motar nan taki ta fi ki gardama."

Ya riga ya sauya filogi, ya sauya matatar mai, ya wanke kafireto. Saura famfon mai. Ya ce irin wannan ciwo ba ya nuna kansa a tsaye, sai an matsa wa inji. Ya haɗa agogon awon mai da doguwar tiyo, ya manna shi a gilashin gaba.

"Ke ki tuƙa, ni in kalli allura. In ta faɗi sa'ad da kika taka, famfo ne, mun huta."

Hanya ɗaya ce a kusa da za a iya sakin mota a kanta: ta bayan gari, wadda take haura tudu bayan gada. Na san wace hanya ce.

Rana ta faɗi, sauran ja kaɗan a gefen sama. Babu mota, babu mai tafiya a ƙasa. Muka wuce gadar muka kama tudu.

"Taka," ya ce. "Har ƙasa."

Na taka. Inji ya yi ruri. Motar ta cije.

"Allura?" na tambaya.

"Ba ta motsa ba," ya ce a hankali. "Mai yana zuwa daidai."

Inji yana ihu, gudun motar yana raguwa. Sai bayanta ya lotsa, kamar yadda take yi in mutum ya shiga ya zauna. Warin fetur ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa: hayaƙin itace, jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsohon zane.

Kujerar baya ta yi ƙara.

"Kada ki duba madubi," bakaniken ya raɗa.

Ban duba ba. Ban bukaci dubawa ba. Wani abu mai sanyi da laima ya biyo ƙarƙashin kujerata, ya kama idon sawuna na dama. Yatsu ne. Na ji kowannensu.

Motar ta tsaya cak. Sannan ta fara komawa baya.

Na taka birki da ƙafar hagu. Ya nutse kamar auduga. A bayanmu akwai kwanar gadar, ƙarƙashinta duwatsu.

Murya ta zo daga bayan kunnena, siririya, a gajiye.

"Ta baya aka zo mini. Ban ga fuska ba. Ƙarar nan kaɗai na ji."

Numfashinta ya taɓa wuyana.

"Wa ya taka?"

Na san amsar. Ita nake rubutawa a kowace takarda, ita nake faɗa a kowane ofishin da ake korata. Ga shi a karon farko an tambaye ni da gaske. Na buɗe baki da dukkan ƙarfina.

Maƙogwarona ya cije. Tari kawai ya fito.

Tayoyin baya suka hau tsakuwa.

"Yayanta ne!" Bakaniken ya fashe da kuka. "Yayanta ne, kowa ya sani, ya amsa a gaban alƙali! Yana kurkuku!"

Yatsun suka saki.

Motar ta zabura gaba har kaina ya bugi kujera. Bayanta ya ɗago. Warin fetur ya dawo.

"Ƙarya ne!" Sai a lokacin muryata ta fito. "Ba shi ba ne! Ki dawo, ba shi ba ne!"

Kujerar baya wayam, sai danshi.

Ban zagi bakaniken ba. Abin da aka koya wa garin duka shi ya maimaita. Ya cire agogonsa, ya ce matattu ba sa dawowa, amma akwai masu zama a irin waɗannan wurare da suke ɗaukar fushinsu su yi ta yawo da shi. Ya roƙe ni kada in sake kawo masa motar.

Ba ta sake bukatar gyara ba ma. Tun daga ranar ba ta ƙara cijewa ba.

A ziyara ta gaba Yaya ya fito yana jan ƙafar dama. Ya rame. Da Umma ta juya tana buɗe kwanon abinci, ya ɗage wandonsa ya nuna mini shatin yatsu a idon sawu.

"Ƙanwata, wata tsohuwa ce take zama a bayana kullum da magariba."

"Ka faɗa mata gaskiya, Yaya! Ka faɗi sunan ɗan maigida!"

Ya buɗe baki. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Tari kawai ya fito.

An sake ɗage sauraron ƙarar. Ɗan maigida ya tafi karatu ƙasar waje.

Ni kuwa duk magariba ina kan tudun nan. Ina danna totur har ƙasa, ina kiran sunan ɗan maigidan da ƙarfi, ina jiran bayan motar ya lotsa.

Motar tana haurawa sumul, kamar sabuwa.