Mai Alamar Tsani

Ranar Asabar da hantsi Amarya ta zauna a bakin famfo tana wanki. Shekara guda ke nan da aurenta da Malam, amma har yanzu da wannan suna ake kiranta. Ƙanwarta Auta, 'yar aji biyar a sakandaren da Malam yake aiki, tana kicin tana wanke-wanke. An kawo ta gidan ne saboda kusancinsa da makarantar, sai dai tun zuwanta shara da girki da aike suka koma wuyanta, ba tare da wani ya taɓa cewa an ɗora mata ba.

Amarya ta riga ta tsoma farar rigar Malam a ruwan sabulu kafin ta ji takarda a aljihu. Ta zaro, ta warware. Ruwa ya cinye tawadar rabin ƙasa, amma layukan sama suna nan cikin wani karkataccen rubutu:

"Malam, kullum ina ganinka amma na kasa buɗe baki. Ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke zuciyata sai kai. Ko barcin kirki ba na samu..."

Babu suna, sai zanen ɗan tsani a kusurwa.

A nan ya wajaba a bayyana tsarin makarantar. Malam shi ne malamin shawara. A ƙofar ofishinsa akwai koren akwati mai kwaɗo, inda duk ɗalibin da ke da damuwa yake jefa takarda. Dokokin akwatin uku ne: ba a sa suna, sai alama, ana liƙa amsa a allon sanarwa ranar Litinin ƙarƙashin alamar, takarda kuma ba ta fita daga ofis. Amarya ta san da wannan duka, amma a wannan safiya saninta bai amfane ta ba. Ta tuna yadda 'yan matan makarantar suke rangaɗa masa gaisuwa a hanya. Ba ta nemi mijinta ba, alhali yana ɗaki yana duba jarrabawa. Waya ta ɗauka ta kira Gwaggo, wadda ta raine su bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Kafin azahar Gwaggo ta iso, mayafi a kafaɗa, ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Na faɗa miki tun farko! Namiji mai fara'a a cikin 'yan mata ɗari huɗu? Ai ko dutse ne sai ya jiƙa. Kira mini shi!"

Malam ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Da idonsa ya faɗa kan takardar da ke hannunta, sai fuskarsa ta canza.

"Subhanallahi! Gwaggo, ta akwatin makaranta ce. Jiya ina cikin buɗe shi aka kira ni rabon faɗa a filin ƙwallo, na cusa ta a aljihu na manta. Ko karanta ta ban yi ba. Don Allah a ba ni, amanar yarinya ce."

"Yarinya!" in ji Amarya. "Ka ji ko, Gwaggo? Bai karanta ba, amma ya san mace ce!"

"Makarantar mata ce, Amarya."

"Kada ka mayar da ni sakarya! Wace ce mai tsani?"

"Ban san ta ba. Kuma in gaya miki gaskiya, ko na sani ba zan faɗa ba. Ran da na faɗi suna ɗaya, babu yarinyar da za ta sake kusantar akwatin nan."

"To ka zauna da akwatinka ya dafa maka abinci," in ji Gwaggo. "Ke, haɗa kayanki. Auta! Kwaso littattafanki, ke ma kin bar makarantar nan."

Amarya ta fashe da kuka. Tana sonsa, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo. So take ya rantse, ya roƙe ta, ya ambaci suna ko da na ƙarya ne. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, idanunsa sun kaɗa, ya ƙi ambatar sunan kowa.

Auta ta shigo da tiren ruwa, hannunta duk kumfa. Gwaggo ta miƙa mata takardar.

"Ungo, 'yar boko. Wannan rubutu kamar tafiyar kaza ya fi ƙarfin idona. Karanta da ƙarfi, ya ji da kunnensa, tunda ya ce bai karanta ba."

"Gwaggo, kada a..." Malam ya fara.

"Rufe mini baki!"

Auta ta ajiye tiren. Ta karɓi takardar, ta karanta layukan sama da ƙyar. Ta iso inda ruwa ya wanke tawada. Ba ta tsaya ba.

"Ko barcin kirki ba na samu, saboda sai na gama aikin gida nake buɗe littafi. Sau biyu firifet tana rubuta sunana don gyangyaɗi a aji. An zaɓe ni a kulob ɗin dibet, wato muhawara, amma bayan an tashi ake firaktis, ni kuwa dole in koma in ɗora tukunya. A gidan yayata nake. Ina sonta, ba muguwa ba ce. Amma kullum idan na dawo, tambayarta ɗaya ce: wace ce ta yi magana da mijinta yau? Ba ta taɓa tambayata yaya karatu ba."

Idanun Auta ba sa kan takardar. Suna kan yayarta.

Gwaggo ta karɓe takardar, ta juya ta gaba da baya, ta ga babu komai a wurin sai shuɗin tabo.

"Ke... ai ba rubutunki ba ne," in ji Amarya a hankali, tana duban Auta.

"Da hannun hagu na yi, Yaya, don kada Malam ya gane. Duk haka muke yi." Hawaye suka zubo mata. "Sori, Yaya. Ban so ki ji ba. Amma ba zan bari ki bar gidanki saboda ni ba."

Amarya ta zame daga kujera ta rungume ta, suka yi ta kuka. Can ta juyo ga mijinta, ta kasa haɗa ido da shi.

"Malam, ka yafe mini. Na tona abin da ka fi kowa ƙoƙarin rufewa."

"Ni na fara laifi, da na fito da ita daga ofis. Ranar Litinin zan kai kaina gaban shugabar makaranta in faɗa mata." Ya dubi Auta. "Ke ce aka fi yi wa laifi. Kuma tukunyar nan da kike ɗorawa, har da ni ake ci, ban taɓa tambayar wa ya dafa ba."

Gwaggo ta gyara mayafi ta yi gyaran murya. "To, ni dai dama cewa na yi a bincika."

Dariya ta kuɓuce wa Auta cikin hawaye.

Malam ya cika alkawari, ya karɓi takardar gargaɗi daga shugabar makaranta bai yi gardama ba. A allon sanarwa kuwa, ƙarƙashin zanen tsani, aka ga layi ɗaya: "An ji. Firaktis ƙarfe biyu da rabi." Aikin gida aka raba shi uku, Malam ya ɗauki wankin rigunansa da kansa. Ranar gasar muhawara, Amarya ce a kujerar gaba, kuma ita ta riga kowa miƙewa da tafi.

Ku lura, ya ku matasa. Haƙurin Malam da riƙon amanarsa su suka tsare masa gidansa, ko da yake sun kusa raba shi da shi. Kishi kuwa idan ya wuce iyaka yakan tattara idon mutum wuri guda. Shekara guda Amarya tana gadin mijin da bai taɓa niyyar tafiya ba, alhali wadda take bukatar kulawarta tana kicin, taku biyar daga inda take zaune.