Abin da Goggo Safara'u Ta Ɓoye a Kasuwar Yankara

Da hantsi aka tuɓe wa Maharazu kakinsa na aiki a ƙofar ɗakin shan magani na Yankara, jama'a na kallo, aka karɓe keken En'e, wato hukumar gargajiya, aka miƙa makulli ga Gide ɗan baffansa. Goggo Safara'u tana laɓe a bayan danga tana leƙe, hawaye na bin kuncinta, ba ta iya fitowa ba. Ɗanta ne, kuma ɗan fari, wanda al'ada ta hana ta kiran sunansa balle ta tsaya masa a gaban mutane. Tun da mahaifinsa ya rasu take ciyar da shi da kuɗin daddawa har ya zama malamin magani, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa sannu ido da ido ba. "Wancan" take ce masa, shi kuma ya ce mata Goggo.

Ana gab da zaɓen 1959 ne, doka kuwa ta fito ƙarara: duk ma'aikacin da aka gani wurin laccar siyasa a lokacin aiki, a bakin aikinsa. To, ranar kasuwa an ga Maharazu tsakiyar taron 'yan adawa da kakinsa da jakar magani. Wanda ya kai ƙara wurin Hakimi a Faskari kuwa ba bare ba ne, Baba Rabo ne malamin kasuwa, ƙanen mahaifinsa, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan aikin nan saboda ɗansa Gide. Da aka tambayi Maharazu abin da ya kai shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na je, ranka shi daɗe." Bai ƙara ko kalma ba.

Allah Sarki! Ita Goggo ta san abin da ya kai shi. Ta daɗe da ciwon zubar jini irin na mata, tana ɓoyewa, tana shan saƙe-saƙi a ɗaka. Ran nan tana zaune da faifan daddawarta, taron lacca ya malalo har inda take, sai jinin ya ɓalle mata, zane ya jiƙe sharkaf, ƙasa ta ɓaci, ga maza ta ko'ina. Rabo ne ya fara gani. Ta roƙe shi ya kira mata Nana mai fura, sai ya sa kai ya wuce, ya je ya kira ɗanta. Maharazu ya keto taro, ya lulluɓe ta da tabarma, shi da Nana suka kai ta bayan rumfa, ya yi mata allura yana kau da kai. Da ta farfaɗo ta ga wanda ke tsugune a kanta, ta so ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta kama hannun Nana tana kuka: "Don Allah ki rufa mani asiri... ki hwaɗa ma wancan kada kowa shi ji."

Ya kuwa rufa, har rufin ya ci shi. Surukansa suka zo daga Sabuwa suka tafi da matarsa Zulaihatu da tsohon cikinta, wai ba su ba ɗan iskan siyasa 'ya ba. Yara suka sa shi a waƙa. Mata suka daina sayen daddawar Goggo, don kada a ce suna hulɗa da gidan 'yan adawa. Hannun da ya saba da allura ya koma tsintar auduga a gonakin Sheme, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Kullum da magariba zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa da "uhm" daga ciki, ta cusa bakin mayafi a baki don kada ya ji kukanta. Ta yi sallah ta roƙi Allah ya kawo mafita, amma a ranta ta san mafitar tana bakinta, kunya ce ta danne.

Shi kuwa Rabo, an ba shi hannu yana neman kafaɗa. Ya koma ya ce ai akwai allurar da ta ɓace daga jakar magani ran nan, 'yan jam'iyya Maharazu ya yi wa, sata ce, a kai shi kurkukun Katsina. Nana ta shigo da labarin tana haki. "Safara'u, gobe za a yanke. Ni kin ɗaure mani baki, Baba Rabo kuma ya ce in na yi magana in bar rumhwata. Yaron nan mi ya yi maki?"

 Da asuba Goggo ta yafa mayafi, ta kama hanyar Faskari a ƙasa, Nana na biye da ita, tana tafiya tana hutawa saboda jiri.

Sun tarar da zauren Hakimi cike da maza, Maharazu na durƙushe a gaban alƙali. Da ya hango ta sai ya girgiza mata kai, idanunsa sun kaɗa. "Goggo, koma gida. Kurkuku ba kabari ba ne."

Ta durƙusa gaban Hakimi. "Ranka shi daɗe, ba lacca ya je ba. Ni ya je ma. Jini ne ya ɓalle mani a tsakar kasuwa... irin na mata... a gaban maza." Dattawan zauren suka duƙar da kai. Ta haɗiye kuka ta ci gaba. "Allurar a jikina take. Wanda ya je ya kira shi kuwa ga shi nan zaune, baffanshi, ya ga halin da nike ciki da idonshi. Maharazu ɗana ne, ni na haife shi, kuma ni na cuce shi da shiruna."

Maharazu ya kifa fuskarsa a ƙasa yana kuka kamar yaro. Nana ta dafa Alƙur'ani ta tabbatar da komai. Hakimi ya dubi Rabo ya daɗe, sannan ya ce, "Malam Rabo, matar ɗan'uwanka na kwance cikin jini, kai kuma tarko ka gani?"  A nan aka tuɓe Rabo daga aikin kasuwa, alƙali ya ɗaure shi kan shaidar zur, aka karɓe makulli daga Gide aka mayar wa Maharazu. Kafin sati ya zagayo surukai suka dawo da Zulaihatu da goron ban haƙuri, Hakimi kuma ya sa mota ta kai Goggo asibitin Funtuwa, inda Allah ya ba ta sauƙi.

Amma ko da ta dawo, Goggo ta ƙi fita. Tana ganin duk garin da bakinta suke kwana, wace mace ce za ta faɗi irin wannan a zaure? Sai wata safiya Zulaihatu ta ja ta zuwa bakin danga ta ce ta leƙa. A ƙofar ɗakin shan magani mata ne zaune a jere, lulluɓe, daga Ruwan Godiya, daga Sheme, wasu da ƙyar suke iya zama. Wata tsohuwa ta hango ta, ta taso tana dogara sanda, ta kama hannunta ta riƙe.

"Ke ce Safara'u? Ɗiyata ta mutu da ciwon nan bara, ba ta hwaɗa ma kowa ba. Ga ƙanwarta can na kawo."